Ciwon Balki Daban, Nawa Daban

Tun ranar da na dawo daga Abijan ba ku bar ni na huta ba. A layin karɓar magani a ja mini mayafi, a kasuwa a tare ni, har Ta-Araba da ba ta cika magana ba sai ga ta a gidana wai ta zo barka da hanya, alhali labari ta zo ji. Tambayar kowa ɗaya ce: yaya garin, yaya mutumin, yaushe biki? Na gaji da ba da shi guntu-guntu, shi ya sa na zauna in ba ku shi gaba ɗaya, ku 'yan ƙungiyarmu ta masu ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki a nan Illela. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kuma don Allah kada a sake tare ni a hanya.

Sai na faro daga Balki, don ita ce mafarin tafiyar. Balki taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, kuma a Darna Sabon Gari muka tashi tare muna tsokanar juna. Abokai biyu suka aure mu, direbobin mota ɗaya, suna kai albasa Abijan su dawo da goro. Nata ya ɗauke ta ya zaunar da ita can, nawa ya bar ni a nan. Nata hatsari ya kashe shi, nawa jinya. Duka biyun kuma sun bar mana ciwon nan kafin su tafi.

Daga nan hanyarmu ta rabu. Ni ciwon ya kwantar da ni har maƙwabta suka fara rage murya idan sun shigo. Ya ɗauke mini ɗa namiji yana goye, ya bar mini Nafisa, wadda da shi aka haife ta. Balki kuwa ko zazzaɓin kirki ban taɓa jin ta yi ba. 'Ya'yanta huɗu, an gwada su duka, babu mai shi. Ta ma sake aure, wani Alhaji mai shagon yadi, ya sani ya aure ta, kuma har yau in an gwada shi ba a ganin komai. Takan turo mini hotuna a waya, wuya ya cika, fata sai sheƙi, ga yara kewaye da ita. In rubuta mata masha Allah, amma ba har zuciya ba. Na san sunan abin, hassada ce, kuma na san abin da malamai suka faɗa a kanta. Ina yin istigfari, sannan in sake buɗe hoton in ƙara kallo.

Nafisa yanzu ta wuce ashirin. Kun san ta, ga ɗinki a hannu, ga hankali, maganinta bai taɓa wuce ta ba. Manema sun zo ba ɗaya ba, ba biyu ba, amma da an kai maganar gwaji sai ƙafa ta ɗauke. Mu kuma kun san tsarinmu a ƙungiya: namu sai namu, mai shi ya auri mai shi, kowa ya huta da ɓoye-ɓoye. To a nan kusa ba a samu wanda ya dace ba. Ana haka Balki ta kira ni, ta ce akwai wani Malam Isuhu, mutumin Tawa, yana da shago a can, matarsa ta rasu, yana neman ta kirki, kuma irin namu ne. Na faɗa wa Nafisa. Ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Inna, tahi ki gani. In mutum na, ni na yarda." Abin da ya ɗaga ni ke nan, ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba.

Ɗan kabu-kabu ya tsallaka da ni Ƙonni, inda motocin Abijan ke lodi. Wannan iyakar ba iyaka ba ce a wurinmu, wanda ya tsayar da mu ma sai da ya tambaye ni jikin gwaggona. A mota aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa Bazabarma, Hajiya Fati, za ta Kumasi ganin jikoki. Hausarta kaɗan, Zabarmancina babu, amma kafin mu kai Dogon Dutsi na san sunayen surukanta duka da laifin kowacce. Ta sayi burodin nan nasu mai tsawon sanda, ta karya ta ba ni. Na gatsa, ya yanke mini dasashi. Ita kuwa da haƙoranta da ba su fi a ƙirga ba ta cinye nata tas, tana tsoma shi a shayi tana yi mini dariya.

A Gaya aka ce kowa ya sauka, gada a rufe take, sai a kwalekwale za a tsallaka a kama wata motar a Malanbil. Ni da duk ruwan da na sani bai wuce tafkin Kalmalo ba. Na shiga ina karanta duk abin da na haddace, kwalekwalen ya ɗan karkata, na cafke abin da ke kusa da ni da hannu biyu. Sai da muka kai tsakiya na gane ƙafar wani bawan Allah ce, mai kwat da tabarau, wanda tun Ƙonni bai ce wa kowa uffan ba. Bai janye ba, bai kuma dube ni ba, har muka isa gaɓa.

Wannan mutumin shi ya fitar da ni kunya washegari. Kun san abin da muke yi dukanmu: a juye maganin daga robarsa a ƙulle a leda, don kada ya yi kacau-kacau a jaka, kada kuma wani ya karanta rubutun jikin robar. Haka na yi, na ƙulle na wata da watanni na cusa a ƙasan kaya. A wani shinge cikin ƙasar Binin aka sauke mu ana bincike, wani jandarma ya zaro ƙullin nan ya ɗaga sama. Ƙwayoyi cunkus a leda, ba suna, ba takarda. Ya ce, "Taramol!" Kalmar nan ba ta buƙatar tafinta, ƙwayar 'yan maye yake nufi. Fasinjoji suka zagaye ni, yaron mota yana ce mini, "Hajiya, hwaɗa mishi ko na mine ne, in ba haka ba nan za mu barki." Na ce na hawan jini ne. Jandarman ya girgiza kai. Ga mutum kusan saba'in suna jiran in faɗi abin da ko a Illela ban taɓa faɗa a fili ba.

Sai mai kwat ɗin nan ya matso, ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da robar magani da rubutunta da komai. Ya zazzago ɗaya a tafin hannu, ya ɗauki ɗaya daga ledata ya jera su. Iri ɗaya sak. Ya yi wa jandarman magana da Faransanci a hankali, na dai tsinci kalmar sida, sunan ciwon nan a bakinsu. Jandarman ya ƙulle ledar da kansa ya miƙo mini da hannu biyu. Da muka koma mota wata budurwa da ke bayana ta canza kujera, Hajiya Fati kuwa ta ci gaba da labarin surukarta daga inda ta tsaya. Na yi wa mutumin godiya, ya ce, "Hajiya, ki bar shi cikin robarshi, ba sata kinka yi ba." Ku ji halina: maimakon in tsaya a godiya, sai na kama kaina ina ƙyashinsa. Mutum ya sa abin nan a aljihun gaba kamar biro, ni kuwa shekara da shekaru ina ɓoye nawa a ƙasan tukunya.

A Kwatano muka kwana a tashar motar, an shimfiɗa tabarmi, mata gefe maza gefe, sauro kuma bai san wannan rabon ba. Daga nan har Abijan teku na hannun hagu. Kun ce in ba ku labarinsa, to ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, kuma yana warin kifi. Abin da ya fi ɗauke mini hankali mata ne. A Lome na ga mace sa'ata a kan babur, da wando, ta goyo buhu, tana yi wa namiji hon ya kauce. A Gana kuma na ga taro an kafa rumfuna, ana kiɗa ana rawa, kowa cikin baƙi da ja. Na ce wa Hajiya Fati amaryar nan 'yar gata ce. Ta ce ba biki ba ne, mutuwa aka yi, kuma mamacin ya fi wata a firij yana jiran dangi su taru. Na tuna yadda aka kai mijina makwancinsa kafin tuwon rana ya nuna. A can ne na ci wani dunƙulen masara mai tsami da suke naɗewa a ɓawo, da barkono da kifi. Na farko na ce ya lalace, na biyu na ce a ƙaro. A Akra Hajiya Fati ta sauka ta kama hanyar Kumasi, ta bar mini rabin goro da addu'a mai tsawo.

Balki da kanta ta zo tarbata a tashar Ajame, a mota, babban ɗanta Bashir na tuƙi. Hoto bai faɗi rabin gaskiya ba. Ta rungume ni, ta manna kumatunta a nawa dama da hagu, haka ake gaisuwa a can, sannan ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Hajara, har yanzu ba a samu abinci ba Darna? Dibi wuya awa na zabuwa!"

Na ce, "Ke kuma wa ya hura ki? Ki yi a hankali kar ki taka ƙusa."

Muka yi dariya har da hawaye, amma nawa hawayen ba na dariya ba ne duka.

Gidanta bene ne, ƙasa duk tayil, firij har biyu. 'Ya'yan ba su ce mini Gwaggo ba, ba su ce Inna ba, Tanti suke cewa, kuma a tsaye suke gaisuwa. Bashir ne kaɗai ya durƙusa. Yana gyaran na'urorin sanyi, ga natsuwa, ga Hausarsa ba ta karye ba. Shi ya sayo mini abincin da suka fi ji da shi, garin rogo turarre da soyayyen kifi da ɗanyen barkono, wai sunansa garba, don mutanenmu na Nijar ne suka fara sayar da shi. Na ce to Allah ya sa kada wata rana in ji ana cin hajara. Ina ci ina kallon yaran nan huɗu suna ta hayaniya a kan talabijin. Babu wanda aka taɓa tasa da asuba a kai shi layin asibiti, babu wanda aka taɓa yi wa ƙarya cewa maganin ƙarin jini ne yake sha. Na ture kifin gefe.

Malam Isuhu ya zo bayan la'asar, kwana biyu da saukata. Na so in sami abin kushewa ban samu ba. Mutum ne kamili, furfura ta fara fito masa a gemu, yana magana yana kallon ƙasa. Ya tambayi sana'ar Nafisa, ya ce in Allah ya yi zai buɗe mata shago kusa da nasa. Na nuna masa hotonta, ya kalla sau ɗaya ya mayar mini da wayar da ladabi. Raina ya kwanta. Sai na yi masa tambayar da duk uwa a cikinmu za ta yi.

"Malam, wane lokaci kake shan naka? Ita da isha'i take sha, gara ku daidaita."

Ya ce, "Ai ni ban shan komi, Hajiya. Namu na biyu na, kwance yake."

"Na biyu na mi?"

Ya dubi Balki. "Ita yarinyar ba na biyu na gare ta ba?"

Balki ta ce, "Na biyu mana. Mijinta da nawa mota guda sunka tuƙa, hanya guda sunka bi. Ina za ya samo wani daban?"

Na ce su dakata, su yi mini bayani, ni ban taɓa jin ciwon nan yana da na ɗaya da na biyu ba. Ku ma na san ba ku taɓa ji ba. Shekarun nan duka Balki na ce mini nata mai sanyi ne, ni na ɗauka jikinta take yabo, ko wani malami ya yi mata rubutu ta ɓoye mini. Ita kuma ta ɗauka irin nata gare ni, wahala da zafin Sakkwato ne suka kwantar da ni. Babu wadda ta taɓa tambayar 'yar'uwarta. Malam Isuhu ya ce abu mai sauƙi ne, gobe mu je asibitinsu a duba ni, abin da ke jikina shi ke jikin 'yata.

Asibitin ba shi da wani bambanci da namu, benci ne da jira, sai dai su ba sa rufe fuska da mayafi. Ma'aikaciyar da ta gan mu Madam suke ce mata, a zangon Hausawa ta tashi, Hausarta ta fi ta 'ya'yan Balki. Ta huda mini yatsa, muka ɗan zauna, ta kira mu mu uku.

Ta ce, "Hajiya, naki na ɗaya ne."

Na ce, "To ɗaya da biyu wane ne babba?"

Ta yi murmushi ta ce ba wa da ƙane ba ne, 'yan'uwa ne na nesa, tun asali ma daga birai iri biyu daban suka shigo jikin mutane. Na ɗaya shi ya cika duniya, shi ne kusan duk abin da ke wajenmu. Na biyu bai cika barin wannan yanki na yamma ba, su Bisau, Sanagal, Mali da nan ƙasarsu, kuma ko a nan raguwa yake yi. Ta ce na biyu ba ya yawa a cikin jini, shi ya sa yake tafiya a hankali, wasu su tsufa da shi bai taɓa kayar da su ba. Shi ya sa kuma bai cika tsallakawa daga miji zuwa mata ba.

Na ce, "Daga uwa zuwa ɗa fa?"

Ta ce, "Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Na ɗaya ne ke yawan bin nono da haihuwa idan ba a ba uwa magani ba."

Ban ji abin da ta faɗa bayan wannan ba na ɗan lokaci. Ina kallon Balki tana gyara awarwaronta. Ashe ba addu'arta ta fi tawa ba, ba dabara ta fi ni ba, ba kuma abinci ba ne. Maza biyu a mota ɗaya, wannan ya kwaso wannan, wancan ya kwaso wancan. Na zaci in na san dalili zan huce. Wallahi sai abin ya ƙaru.

Da hankalina ya dawo, Madam ta juya kan Malam Isuhu tana yi masa faɗa. Ta ce kwance ba mutuwa ba ce, na biyu ma in ya tashi abin da na ɗaya ke yi shi yake yi, kuma ba a sanin wa zai tasar wa. Ta ce ya ga Balki, ai da garkuwarta ta fara sauka ta karɓi magani. Na waiga na dubi Balki, ta kau da kai. Ba ta taɓa faɗa mini ba. Madam ta ƙara da cewa masu na biyu suna da tasu wahalar: maganin nan na da, mai sa jiri da mafarkai, wanda muka sha shekaru, ba ya yi musu aikin komai. Na yanzu yana yi wa duka biyun, amma in ya daina yi wa mai na biyu, abin canji kaɗan ne. Ko awon yawan ƙwayar a jini, da mu ake yi mana a kai a kai, su sai an aika jininsu wani wuri an jira. Allah ya yafe mini, da na ji haka sai da wani sanyi ya ratsa ni. Bai daɗe ba, amma ya ratsa.

Na tambaye ta maganar da ta kawo ni. Ta ce mai ɗaya yana iya ɗaukar ɗayan, su haɗu a jiki guda, don haka kada mu ce namu sai namu mu rufe ido. Sannan ta tambayi awon Nafisa. Na ce shekaru ke nan ana cewa ba a ganin ƙwayar. Ta ce, "To in tana shan maganinta haka, ba za ta sa wa mijinta ba, ko mai na biyu ne, ko wanda ba shi da komai. In akwai abin tsoro a auren nan, daga wajen wanda ba ya shan magani yake." Daga nan muka fito.

Washegari ya zo da turmin atamfa a leda. Tun daga yadda ya ajiye ta na gane, don na ga irin wannan ajiyewar a tsakar gidana.

Ya ce, "Hajiya, ki gahurta mini. Ni nawa bai taɓa damuna ba. Ban iya ɗauko mai zahi in ƙara bisa."

Na ce, "Ba ka ji abin da Madam ta ce ba? Nafisa ya kamata ta ji tsoronka."

Ya ce, "Na jiya. Amma in abin ya zo, ba Madam za ta kwanta ba."

Ya tashi yana ta ba da haƙuri. Masu lafiya sun guje mu na ce ba su sani ba ne. Yau ga mai ciwo ya guje mu, kuma a gabansa aka yi bayani. Ashe har a cikin ciwon ma akwai manya akwai ƙanana, mu ne kuma ƙananan.

Balki ta yi ta zaginsa, ta ce tsoho ne ma, Allah ya raba Nafisa da wahala. Muna bayan gida da hantsi tana gyaran kifi, ni ina yanka albasa, wadda na tabbata daga wajenmu ta zo. Bashir ya leƙo ya gaishe mu zai fita aiki, ya tambaye ni ko akwai abin da zan aika. Na bi shi da kallo har ya rufe ƙofa. Maganar Madam ta dawo mini: ko wanda ba shi da komai. Kuma wa ya fi cancanta? A Darna ɗan taubashi da 'yar taubashiya ba a ma tsayawa dogon zance.

Na ce, "Balki, ki ba Nafisa Bashir."

Ta yi dariya, ta zaci tsokana ce irin tamu. Da ta ga fuskata sai wuƙar ta tsaya.

Na ce, "Da kunnenki kin ji. Ba ta sa mishi komi. Ke kanki Alhaji ya aure ki da shi, ga shi nan lahiya lau."

Ta ce, "Alhaji babba na, shi ya gani ya zaɓa. Kuma nawa ba irin naku na ba."

Naku. Tun muna yara ba ta taɓa raba ni da ita a magana ba sai ranar.

Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta zauna kusa da ni a kan turmi. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Hajara, duk cikin da na yi, ban yi kwana ba sai an gwada ɗan. Sau huɗu ina mutuwa ina tashi. Allah ya fisshe mini su. Na yarda da maganar Madam, wallahi na yarda. Amma in wata rana Nafisa ta manta, in maganin ya yanke? Tsakaninki da Allah, da ke ta, kina ba da shi?"

Na ci gaba da yankan albasa. A nan na gane ba benen nake ƙyashi ba, ba wuyan ba, ba Alhaji ba. Balki tana da ɗan da za ta hana. Ni ban taɓa samun wannan ba, kuma da na samu ban san abin da zan ce wa mai roƙo ba.

Ban ƙara kwana da yawa ba. Ta cika mini jaka da sabulai da yadi, ta sa wa Nafisa leshi mai tsada, ta raka ni tasha. Ta manna kumatunta a nawa, ta tsokane ni a kan ramata, na rama, amma duk mun san a fatar baki muke yi. Dawowar ba ta da labari. Maganin yana cikin wata roba da Madam ta ba ni, babu wanda ya tsayar da ni, kwalekwalen ma ban kama ƙafar kowa ba. Tun daga Doso nake shirya ƙaryar da zan yi: in ce ya tsufa, in ce yana da mata a ɓoye.

Na iso Illela da azahar. Nafisa ta taso daga kan keke ta karɓi jakar, ta kawo ruwa, ta zauna a bakin tabarma ba ta tambayi komai ba. Shirun nan nata ya rushe mini ƙaryar. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku, ban rage ba, har maganar Bashir. Ba ta yi kuka ba. Na Malam Isuhu ma ɗan murmushi ta yi. Sai da na gama ta ɗago.

"Inna, ke nan da irin na Inna Balki Baba ya kawo miki, da ni ban da shi?"

Na ce, "Haka Madam ta ce. Da wuya ya kai gare ki."

"Da ƙanena ma yana nan?"

Na ce, "Wataƙila."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana murza bakin zanenta.

Ta ce, "Ashe kaɗan ya rage."

Sannan ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka.